Ƙasa da Megabait Ɗaya

Plovdiv, watan Fabrairu, ƙarfe biyun dare.
Ƙanƙara ta kama bakin kogin Maritsa,
barci bai kama Velislava ba.
Kwamfutar asibitin haihuwa ce a teburinta,
an kawo ta cikin bargo kamar majinyaciya.
Sunayen jariran shekara shida na kwance a faifan,
jadawalin da ya san mazaunin kowa ne ya goge.
Sai dai a bi faifan yanki-yanki,
yadda ake tsintar allura a tabarma.

Shirin da ta rubuta a bene yake zaune,
a yanayin kariya, inda ƙwaƙwalwa ke da faɗi,
megabait takwas, fili fetal,
kowa da katangarsa, ba mai leƙa gidan wani.
Amma mai riƙe da makullin faifai ba ya bene.
Yana ƙasa. Bayos ake ce masa.
Tun kafin a ɗora benen yake nan,
bit sha shida yake ji, bai ƙara ko ɗaya ba.

Ta ƙwala masa kira daga sama.
Injin ya yi tuntuɓe sau uku,
allo ya yi baƙi,
ya sake ƙirga ƙwaƙwalwarsa daga farko
kamar ba shi ya yi ɓarnar ba.

To, a bi ta hannun ɗan aike.
Ta roƙi aron kwano a ƙasa,
ƙasa da megabait ɗaya, inda idon tsoho ke kaiwa,
bait ɗari biyar da sha biyu, cikin yanki guda.
Ta cika takardar aike da hannunta:
biyu, wato karanta;
ga silinda, ga kai, ga yanki,
ga adireshin kwanon, an raba shi biyu yadda ya saba.
Ƙofa ta sha uku za a buga,
sha uku a lissafin sha-shida,
sha tara ke nan in mutum ne ke ƙirgawa.

Ɗan aike ya sauka. Ya hawo.
Tutar kuskure a ɗage.
Ta sake. A ɗage.
Shayin linden ya huce, ta sha shi a haka.

A ƙasan gidan Kostadin ya yi tari,
mahaifinta, tsohon mai buga waya a tashar jirgin ƙasa,
wanda kunnensa ya yi ritaya kafin shi.
Shekara nawa tana kiransa daga kan matakala
ya zo ya ci abinci, shiru,
sai ta sauka, ta tsaya inda zai ga leɓenta,
ta faɗa a hankali, da kalmomin zamaninsa.

Ta koma kan takardar.
Silinda daga sifili ake ƙirga ta, haka ne.
Kai ma daga sifili.
Yanki fa?
Ta dafe goshi.
Yanki daga ɗaya yake farawa.
Ba dalili, haka aka tarar.
Awa uku tana aiken tsoho ɗakin da ba a gina ba.

Ta goge sifili, ta sa ɗaya.

Fitilar faifai ta ƙifta, ja, sau ɗaya.
Tuta a kwance.
Ta kwashe abin da ke kwanon ta hau da shi bene,
shara, shara, lambobin da ba su da ma'ana,
yanki na ɗari tara da wani abu
sai ga haruffa sun jeru:
Tsvetelina, kilo uku da gram ɗari biyu,
ranar Talata, da asuba.
Ƙarƙashinta Boyan. Ƙarƙashinsa tagwaye.

Ba ta yi guɗa ba, unguwa na barci.
Ta bar injin yana hawa da sauka shi kaɗai,
yanki bayan yanki, kwano ɗaya tak,
ta ɗauki bargon da aka naɗo shi ciki
ta sauka ƙasa,
don hitar ɗakin Kostadin takan mutu kafin gari ya waye.